Asali da Takobi: Gidajen Sarauta da Aikin Yaƙi a Ƙasarmu

 

Hirarmu ta yau ta tarihi ce. In ka taɓa tsayawa ƙofar fada ranar salla, a Tasawa ko Mayahi, ka ji yadda maroƙi yake jero sunaye: wane ɗan wane, jikan wane. Ko a nan Cake, in an yi naɗi ko biki, haka ake yi. Sau da yawa mukan ji kiɗan ya yi mana daɗi, mu wuce, ba mu tambayi ko su wane ne masu sunayen ba. To, yau za mu tsaya mu tambaya. Za mu ga abin da asali yake ba mutum a zamanin da, da abin da yake karɓa daga gare shi. Za mu kuma leƙa ƙasar Ingila, domin su ma suna da gidajen sarauta da suka daɗe suna ba da ƴaƴansu ga aikin soja, kuma kwatanci yana sa mutum ya gane nasa da kyau.

Gidan Katsina

Sarakunan Maraɗi da na Tasawa Katsinawa ne. Suna kai asalinsu ga Muhammadu Korau, wanda ya karɓi sarautar Katsina daga hannun Durɓawa wajen ƙarni na 15. Zuriyarsa ta riƙe birnin shekaru fiye da 300.

A 1804 aka fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Gobir. Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu, Ummarun Dallaje ya zama sarki a can. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya ja da baya zuwa Ɗankama, a nan ya rasu. Sauran jama'arsa suka naɗa Ɗan Kasawa, ɗan Sarki Agwaragi. Ka lura da wannan naɗi, ya mai karatu. An ba shi sarauta ba birni, ba taska, ba ganuwa. Abin da ya gada shi ne suna, da ƴan dawaki, da alhakin mutanen da suka biyo shi.

Ɗan Kasawa ya nufi ƙasar Damagaram, ya zauna can shekaru. Wajen 1819 mutanen Gulbin Maraɗi suka tayar wa wakilin sababbin masu mulkin Katsina, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya shugabance su. Da haka aka kafa sarautar Katsina ta Maraɗi. Shi ya sa har yanzu ake ce wa mai wannan gadon Sarkin Katsina, ko da yake a Maraɗi yake zaune.

Gidan Gobir

Gidan Gobir ma haka ya sha. Sarki Babari shi ya kafa birnin Alƙalawa. Uku daga cikin ƴaƴansa sun yi sarauta bi da bi: Bawa Jan Gwarzo, da Yakuba, da Nafata. Yakuba a fagen fama ya rasu, wajen yaƙin Kiyawa. Yunfa ɗan Nafata ya sha kashi a Tabkin Kwatto a 1804, kuma a 1808 aka kashe shi ranar da Alƙalawa ta faɗi.

Kafin jihadi, Katsina da Gobir ba sa ga maciji da juna. Iyayensu sun gwabza sau da dama. Amma da wahala ta haɗa ƴaƴan, sai suka zama ƴan uwa a yaƙi. A 1836 Sarkin Gobir Ali ɗan Yakuba da Sarkin Katsina Rauda, wanda ya gaji Ɗan Kasawa, suka haɗa runduna tare da wasu Abzinawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tare su a Gawakuke. Aka yi mummunan yaƙi, Bello ya yi nasara. Ali ya faɗi, Rauda ya faɗi, tare da mutane masu ɗimbin yawa. Sarakuna biyu a rana guda.

Bayan wannan, Katsinawa suka naɗa Ɗan Mari. Gobirawa kuwa suka taru ƙarƙashin Mayaƙi ɗan Yakuba, suka zauna a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Ka ƙirga da kanka: Yakuba, Yunfa, Ali. Sarakuna uku daga gida ɗaya, duka a bakin makami. Kun ji farashin gadon sarauta a wancan zamani.

Wa yake zama sarki?

A ƙasar Hausa ba a cewa lalle sai babban ɗa ne zai gaji uba. Duk ɗan sarki yana da hakkin nema. Ƙane yana iya gadon wa, ɗan wa yana iya gadon baffa. Masu zaɓe su ne suke duba wanda ya fi cancanta.

A Maraɗi masu zaɓen sarki huɗu ne: Galadima, da Ƙaura, da Durɓi, da Ƴandaka. Ba su cikin masu neman gadon. Durɓi daga tsohon gidan Durɓawa yake fitowa, wato waɗanda suka riga Korau mulki. Ƙaura shi ne shugaban mayaƙa, shi yake gaba in an fita. A Gobir kuwa akwai majalisar da ake kira Tara ta Gobir. Mata ma suna da babban matsayi: Iya a Maraɗi, Inna a Gobir, daga gidan sarauta suke, kuma ana jin maganarsu.

To, me masu zaɓe suke dubawa? A lokacin da hari yake iya zuwa kowace rani, ba za su ɗora wa jama'a raggo ba. Ɗan sarkin da yake son gado sai an gan shi a kan doki, an san inda ya tsaya da aka yi gumurzu, an san kyautarsa in an raba ganima. Asali yana kai mutum bakin ƙofa, amma shiga sai da jaruntaka. Hausawa suka ce kyan ɗa ya gaji ubansa. A wancan lokaci, gadon uba har da mashinsa.

Yaya rundunar take? A gaba akwai barade masu dawaki. Manya daga cikinsu suna sa sulke da kwalkwali, a yi wa doki lifidi, wato rigar auduga mai kauri da kibiya ba ta saurin hudawa. Doki da lifidi dukiya ce babba, sai sarki da manyan fadawa suke iya samar da su, su ba yaransu. A bayansu kuma akwai dakaru, masu tafiya a ƙasa: ƴan baka da kwari cike da kibau masu dafi, da masu mashi da garkuwa. Su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Manoma ne, da mafarauta, da bayi. In an gama girbi aka buga tambari, sai su bar gida su bi.

Yadda Turawan Ingila suka yi nasu

Yanzu bari mu ƙetare teku kaɗan. A Ingila, a zamanin da, dokar gado daban take. Babban ɗa shi kaɗai yake ɗaukar sarautar uba da gida da gonaki. Ƙannensa sai su fita neman na kansu. Da yawa daga cikinsu sukan shiga soja na ƙasa ko na ruwa, wasu su zama limaman coci.

Abin mamaki, a can har zuwa 1871 ana sayen muƙamin hafsa da kuɗi a sojan doki da na ƙasa. Mai dukiya ya biya, ɗansa ya sami igiya, ya ƙara biya, a ƙara masa girma. Wani lokaci abin yana dacewa. Arthur Wellesley, wanda daga baya aka sani da Wellington, ba shi ne babban ɗa a gidansu ba. Ya shiga soja a 1787, wansa ya taimaka masa da kuɗin sayen muƙami, har ya zama laftanar kanar a 1793 yana da shekara 24. Shi ne ya jagoranci sojan Ingila da aka ci Napoleon na Faransa a Waterloo a 1815. Wani lokaci kuma abin yana jawo asara. A 1854, a yaƙin Kirimiya, wani basarake mai suna Cardigan, wanda shi ma da kuɗi ya hau matakan muƙami, ya ja mahaya sama da 600 suka tunkari bakin igwa saboda umarnin da aka fahimta ba daidai ba. Fiye da 100 suka mutu a wurin. Irin wannan yana cikin abin da ya sa mutanen ƙasar suka fara tambaya ko gidan da aka haifi mutum ya isa ya sa a danƙa masa rayukan jama'a. A 1871 aka hana sayen muƙami.

Duk da haka al'adar gidajen ba ta mutu ba. Winston Churchill, wanda ya shugabanci Ingila a yaƙin duniya na biyu, daga zuriyar Marlborough yake, babban jarumin da ya yi nasara a yaƙin Blenheim a 1704. Uban Churchill ba babban ɗa ba ne, Churchill ɗin ma sai ya shiga sojan doki, har ya yi yaƙi a Omdurman ta ƙasar Sudan a 1898. A yaƙin duniya na farko kuma, daga 1914 zuwa 1918, manyan gidajen Ingila sun rasa ƴaƴa da yawa, domin ƙaramin hafsa shi yake fara fita daga rami, sojojinsa su biyo shi.

Ga inda muka yi kama da su: a can da nan, ɗan babban gida an haife shi da hakkin shugabanci, kuma ana sa ran ya biya da jininsa. Ga kuma inda muka bambanta. Su magaji ɗaya ne, an san shi tun yana cikin zanen goyo, saboda haka rigimar gado ba ta da yawa. Mu kuwa masu nema suna da yawa, wannan yana fitar da gwarzo, amma yana kuma raba gida. Bambanci na biyu shi ne rubutu. Tun 1826 wani mai suna John Burke ya fara buga littafin asalin manyan gidajensu, ana sabunta shi lokaci lokaci: wane ya haifi wane, a wace shekara, a wace runduna ya yi aiki, a ina ya mutu. Namu kuwa mafi yawa a cikin kan maroƙa da makaɗan fada da tsofaffi yake.

Ɗan Baskore da abin da ya biyo baya

Mu komo gida. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya sauka a Tasawa. Abokinsa Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, shi kuma ya bi ta Gazawa zuwa Katsina. Ya rubuta yadda ya ratsa daji tsakanin Gazawa da Katsina, ya wuce kufan Ɗankama. Ƙasa ce da a da take da garuruwa, yaƙi ya mai da ita wurin da ayari yake wucewa cikin tsoro.

Ba da daɗewa ba bayan wucewarsa Ɗan Baskore ya hau gadon Maraɗi. Ɗan Rauda ne, wanda ya faɗi a Gawakuke. Ya yi mulki wajen shekara 20, har zuwa wajen 1875, kuma zamaninsa shi ne lokacin da Maraɗi ta fi ƙarfi. Ya yi ta kai hare-hare ƙasashen da suke bin Sakkwato, su ma suna ramawa. Amma birnin Katsina, wanda kakanninsa suka bari, bai komo hannunsu ba.

Da ya rasu sai illar yawan masu nema ta bayyana. Ƴaƴan sarki suka shiga ture juna, a naɗa wannan yau, gobe a tuɓe shi. In gidan sarauta ya rabu, ƙarfi yakan koma hannun mai riƙe da dawaki. Haka aka yi. A shekarun 1890 Ƙaura Hasau, jarumin da sunansa ya kai ko'ina, ya zama shi ne mai faɗa a ji a ƙasar Maraɗi. Sarki Mijinyawa bai iya zama tare da shi ba. A ƙarshen shekarun nan ya bar Maraɗi ya koma Tasawa da mutanensa. Daga nan gidan Katsina ya zama reshe biyu, na Maraɗi da na Tasawa. Gidan Gobir ma ya riga ya rabu, da Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni.

Wannan darasi ne da ya kamata mu riƙe. Abin da Gawakuke ba ta iya yi ba, rashin jituwa na cikin gida ya yi shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ƙarshen zamanin lifidi

Ana cikin haka Nasara suka iso. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa daga yamma, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Sun yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, sun yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni. Labarin ta'asarsu ya kai Faransa, aka aiko Kanar Klobb ya tsai da su. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Ɗankori, nan ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Kaburburansu suna can. A ƙarshen watan sauran rundunar ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini.

A kudu kuma Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a wannan shekara. Jikokin waɗanda suka kara a Gawakuke, na ɓangare biyu, duka bindiga mai saurin harbi ta fi ƙarfinsu. Lifidin da yake tare kibiya ba ya tare harsashi. Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya a 1904 da 1906, suka ja iyaka. Katsina ta zauna a can, Maraɗi da Tasawa da Tsibiri a nan.

Tun daga lokacin aka raba sarauta da takobi. Sarki ya zama mai tara lanho, mai sasanta jama'a, mai kai saƙon kwamanda. In Nasara suna son soja, shi ake cewa ya kawo samari, kuma mutanen ƙasarmu sun sa kakin Faransa sun yi yaƙi a ƙasashe masu nisa. Wasu ƴaƴan gidajen sarauta sun bi wannan sabuwar hanya har suka yi nisa. Seyni Kountché, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987, ɗan gidan sarautar Fandu ne, kuma a sojan Faransa ya fara aiki. Amma soja ya zama na gwamnati, da makaranta da jarrabawa. Sulke da lifidi kuwa sai ranar hawan salla.

Akwai wani abu da ƙarewar hare-hare ta kawo wanda ya shafe mu kai tsaye. A ƙarni na 19 mutane sun fi taruwa kusa da gulabe, Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, a cikin garuruwa masu ganuwa ko shinge. Da tsoro ya ragu sai iyalai suka bazu, suka sari daji, suka haƙa rijiyoyi, suka kafa ƙauyuka zuwa arewa. Garuruwa da yawa na ƙasar Mayahi haka suka samu. Kowane yana da wanda ya fara saran, da wanda ya haƙa rijiyar farko, da garin da suka taso.

Sunayen da ba a kira ba

Ya mai karatu, ka ga sunayen da muka ambata duka na sarakuna ne da manyan fadawa. Mun san su domin maroƙa sun riƙe su, kuma a lokacin da ayarin Tilho yake auna iyaka, daga 1906 zuwa 1908, tafintansu Landeroin ya zauna da dattawa ya rubuta jerin sarakunan. To, ina sunayen dakarun da suka faɗi tare da Rauda? Ina na ƴan bakan da suka tsare shingen gari? Ina na matan da aka kama a hari aka sayar, daga nan zuwa can, daga can zuwa nan? Su ma kakannin wasu ne. Watakila naka ne. A Ingila ma littafin asali na manya ne kaɗai. Sai bayan yaƙin 1914 suka yi ta sassaƙa sunayen dukan matattunsu a kan dutse a ƙauyuka, ɗan basarake da ɗan manomi a wuri guda.

Maganar asali ba ta zama tsohon zance ba. A Nijar, in sarkin kanto ya rasu, masu gari ne suke zaɓe, kuma mai nema sai ya nuna cewa yana da gadon gidan. In aka yi gardamar gona ko rijiya, tambayar farko ita ce: wa ya sari wurin, kuma kai mene ne naka da shi? In tsohon da ya san amsa ya rasu ba a rubuta ba, kowa sai ya faɗi abin da ya yi masa daɗi, zumunci ya lalace.

Saboda haka ga aikin da muke roƙonka. Ka sami littafi da alƙalami, ka je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, namiji ko mace. Tsofaffin mata sukan fi riƙe dangantaka, kada ka wuce su. Ka rubuta sunan ubanka da na uwarka, da iyayensu, har inda aka iya kaiwa. A gaban kowane suna ka sa garin da aka haife shi, da sana'arsa, da inda aka rufe shi. In ba a san shekara ba, ka tambayi wane sarki ne yake kan gado, ko wace yunwa aka yi a lokacin. In ya yi yaƙi, ka rubuta wane yaƙi, a ƙarƙashin wa. In an kamo shi ne daga wata ƙasa, ka rubuta haka, ba abin kunya ba ne, laifin zamani ne. Kada ka ƙara gishiri don gidanku ya yi girma. In tsofaffi biyu suka saɓa, ka rubuta maganar kowa da sunansa. In ka gama ka karanta wa mutanen gida su gyara maka, sa'an nan ka adana littafin inda gara da ruwa ba za su kai ba.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna in kun taru da dare:

Wa ya kafa garinku, kuma daga ina ya taso?

Wace sarautar yaƙi ce ake da ita a fadar da kuke bi, kuma wane aiki mai ita yake yi a yau?

Kakanni nawa kake iya ƙirgawa ta wajen uba, nawa ta wajen uwa?

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na fada da na gona. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake saduwa a hira ta gaba. Ku huta lafiya.